Na-Baya Mai Guga

Duk wanda ya taɓa kai wanki shagon nan na kusa da tashar bas ya san hannun Na-Baya, ko da bai san fuskarsa ba. Ka kawo riga a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin kura, ka dawo ka tarar da kwala a tsaye, kari ya fita sak, har ka ji kunyar saka ta da tsohon takalmi. Idan ka yaba, mai shagon, wadda ma'aikata ke kira Uwar ɗaki, sai ta yi murmushi ta ce, "Aikin na baya ne." Tana nufin mutumin da ke bayan labule. Da haka sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Ya shigo ƙasar yana saurayi, da bizar ziyara a fasfo, da niyyar ya yi 'yan watanni ya koma gida da abin hannunsa. Biza ta ƙare, abin hannu bai samu ba. Ya ce bari ya ƙara shekara guda. Shekarar ta haifi wata, ya yi aure da wata 'yar garinsu mai aikin shara a asibiti, wadda ita ma tata bizar ta daɗe da mutuwa. Yanzu ga furfura ta cika masa gemu, kuma a idon hukuma har yau baƙon haure ne.

Abin da ke ba ni dariya, yake kuma ba ni haushi, shi ne a duk birnin da wuya ka sami mai bin doka irinsa. Ba ya tsallaka titi sai fitila ta ba shi hannu, ko da kuwa babu mota ko ɗaya. Ba ya musu da kwandasta. In an taka shi a bas shi ke ba da haƙuri. Tafiyarsa a jikin bango take, kansa a ƙasa. A wajen taro kuwa, da an ce a zo a yi hoto, zai yi wuf ya karɓi wayar ya ce shi zai ɗauka, don haka duk hotunan abokansa babu shi a ciki. Mutum ne mai son hira da dariya, amma ya koya wa kansa ya zama wanda ba a tunawa an gani.

Ɗakin aikinsa ƙarami ne: teburin guga, injinan wanki biyu masu rugugi, igiyoyin rataye kaya, taga ɗaya can sama da ba ta fitar da tururi sai dai ta nuna gari ya waye. Tare da shi akwai Dogo, mai kula da injina, wanda bai daɗe da shigowa ƙasar ba, shi ma ba takarda. A ƙarshen ɗakin akwai ƙofar ƙarfe mai fita lungu. Uwar ɗaki ba ta wasa da wannan ƙofa. Da kanta take zuba wa ƙarfunanta mai don kada su yi ƙara, ta kuma sa an yi mata makulli mai kama kansa, in an fita an ja ba ta buɗuwa ta waje. Kullum da safe ita ke buɗe musu ta ciki.

Tsarin shagon kuwa a kan rediyo yake. Akwai wani tsohon rediyo a kan kantar gaba, yana magana tun daga buɗe shago har rufewa. Muddin yana magana, lafiya lau. Idan ya yi shiru, to Uwar ɗaki ta hango mai kaki ke nan, na baya su kife dutsen guga su bi lungu, ita kuma ta ce babu kowa a shagon sai ita. Ba a kira, ba a tambaya. Wata rana batir ne kawai ya mutu, Na-Baya da Dogo suka yini a bayan kasuwa suna zare ido, ita kuma tana can tana cigiyar su.

Abin da rediyon ya fi so kuma shi ne shirin da ake buga waya ana muhawara kan baƙin haure. Sai wani ya kira ya ce sun cika asibitoci, ba sa biyan haraji, a kwashe su. Wani ya kira ya ce in an kwashe su wa zai wanke kwanon otal, wa zai ɗauki bulo a wajen gini. Na-Baya yana guga yana ba su amsa ƙasa-ƙasa, kamar suna jin sa.

"Haraji? Malam, zo ka karɓa, in za ka karɓa ba tare da ka kama ni ba."

Wata rana wani magini ya kira, muryarsa na rawa, ya ce an sallame shi an ɗauki wasu da za su yi aikin a rabin ladansa, shi kuma yana da yara. Dogo ya yi tsaki. Na-Baya ya tsai da dutsen guga.

"Wannan bai yi ƙarya ba," in ji shi.

"Kawu, har da kai?"

"Har da ni. Kai kana ganin abin da ake ba mu a nan ɗan ƙasa zai karɓa? Wanda ba shi da bakin kai ƙara shi ne mai araha. Shi an cuce shi, mu ma an cuce mu, sannan an bar mu muna harara juna." Ya leƙa labule ya rage murya. "Uwar ɗaki mutuniyar kirki ce, amma ita ma ta san da haka."

Duk wannan bai taɓa hana shi barci ba. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne, Innarsa. Tana can gida, ta tsufa, rabonsa da ita tun ranar da ta raka shi tasha. In ya fita ƙasar, ƙofa ta rufe a bayansa ke nan, ba shi ba matarsa, ba shi ba aikin da yake ciyar da Innar da shi. Duk ƙarshen mako yakan kira ta, su gaisa, ta ba shi labarin wa ya haihu wa ya rasu, sannan ta ce, "To, yaushe?" Shi kuma ya ce, "Sai Allah ya yi, Inna."

To, a rediyon nan dai labarin ya zo, da tsakar rana, yana cikin gugar zanen gado. Mai karanta labarai ya ce majalisa ta amince da dokar afuwa. Duk baƙon da ya daɗe a ƙasar yana aiki, bai taɓa laifi ba, za a ba shi takardar zama shi da iyalinsa, ya fita ya dawo yadda ya ga dama, nan gaba ma ya nemi zama ɗan ƙasa. Na-Baya ya tsaya baki buɗe. Sai da Dogo ya ce, "Kawu, hayaƙi," sannan ya duba ya ga dutsen guga ya zana kansa a tsakiyar zanen mutane. Tunda ya fara sana'ar bai taɓa ƙona ko hankici ba.

Uwar ɗaki ta yaye labule ta faɗo ɗakin, ɗankwalinta a hannu.

"Ka ji? Na-Baya, ka ji abin da na ji?"

"Na ji, Uwar ɗakina. Na kuma ƙona zanen likita."

"Ƙona goma, ni zan biya!"

Ta kama hannunsa tana jijjigawa, shi yana dariya hawaye na bin gemunsa, Dogo kuma ya ɗauki murfin bokiti yana kiɗa. Sai da suka natsu suka saurari sharuɗɗan. Dole mai ba da aiki ya bayyana ma'aikacinsa, a yafe masa abin da ya wuce, amma daga yanzu ya biya cikakken albashi da haraji. A nan Uwar ɗaki ta ɗan haɗiye yawu, ta gyara tsayuwa, sannan ta ce, "To, a biya ɗin." Sharaɗi na biyu, jami'in shige da fice zai zo ba sanarwa ya ga mutum da idonsa a bakin aikinsa. In ya zo bai same shi ba, kuma babu dalili, an rufe maganarsa. Na uku, sai wanda ya yi shekaru masu yawa. Dogo ya ajiye murfin bokitin a hankali.

"Ni ban isa ba ke nan," in ji shi. Sai ya yi murmushi. "Ba komai. Kawu, in ka zama ɗan ƙasa kada dai in ji ka a rediyo kana cewa a kore mu."

"Kai zan fara ambata, da tsawonka da komai."

Ranar Na-Baya bai bi jikin bango ba wajen komawa gida. Matarsa ta ji labarin tun a asibiti, ya tarar ta fito da tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado tana kaɗe ƙura. Ya ce ina za ta, ko hoton takardar zama ba su ɗauka ba. Ta ce shi dai ya bar ta ta kalli akwatinta. Bai iya jiran ƙarshen mako ba, nan take ya kira gida. Da Inna ta ce, "To, yaushe?" sai ya ji bakinsa ya ce, "Bana, Inna. Bana da yardar Allah." Matarsa ta dafe ƙirji, don ta san ya yi gaggawa. Maganar dai ta riga ta fita, kuma can gida har an fara sanar da maƙwabta.

Aka kai sunansa ofis, aka shiga jira. Matsalar ita ce Dogo. Idan jami'i ya zo, dole Dogo ya ɓace, dole kuma Na-Baya ya tsaya. Uwar ɗaki ta tara su ta ce abu ne mai sauƙi: za ta kashe rediyo kamar kullum, Dogo ya fita, Na-Baya ya ci gaba da guga. Har gwaji suka riƙa yi kafin a buɗe shago. Ta kashe, Dogo ya sulale, Na-Baya ya tsaya ƙyam yana murmushi, ta shigo tana taku irin na hukuma ta ce, "Kai ne ma'aikacin?" ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe." Suka yi ta yi har ya haddace. Ya koma zuwa aiki da rigarsa mafi kyau, kullum, cikin wannan tururi, yana zufa yana goge wuya. Dogo ya ce bai taɓa ganin ango mai jiran mai kaki ba sai a kansa.

Kwanaki suka yi ta wucewa, har zumuɗin ya fara lafawa. Rannan da hantsi aiki ya yi yawa, wani otal ya aiko da tulin rigunan ma'aikata. Na-Baya ya duƙufa, hankalinsa duk yana kan wata kwala mai taurin kai, wani kuma a rediyo yana ta bayani kan farashin haya. Sai mutumin ya yanke a tsakiyar magana.

Na-Baya bai san ya kife dutse ba. Bai san ya ja ƙofa ba. Abin da ya sani shi ne iska tana dukan fuskarsa, ya tsallake kwata, ya kauce wa bola, ya bi ta bayan shagon mai faci, ya kutsa tsakanin motocin da ke tasha, duk yadda ya saba. Tsoho da shi, sai da ya tsere wa Dogo. A bayan rumfar masu jiran bas Dogo ya cim masa, ya cafki hannun rigarsa yana haki.

"Kawu. Kawu, kai ina za ka?"

Na-Baya ya dube shi. Ya dubi tsumman guga da ke hannunsa. Ya dubi rigarsa mafi kyau.

"Inna lillahi," in ji shi a hankali. "Ni aka zo gani."

Ya juya da gudu. Ya isa ƙofar lungu ya ja, ta ƙi, don ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Ya buga, injinan wanki suka haɗiye ƙarar. Dole ya zagaya ta babban titi, ya tura ƙofar gilashi ta gaba, wadda rabonsa da bi ta cikinta tun ranar da ya zo neman aiki. Ya tarar da Uwar ɗaki tsaye, hannu biyu a ka.

"Ta tafi," in ji ta. "Mace ce, da kaki. Na kashe rediyo, na yaye labule in nuna mata kai, sai na ga wayam. Kaina ya ɗaure. Ta ce ina ma'aikacin, wallahi ban san lokacin da bakina ya ce babu kowa a shagon nan sai ni ba."

"Kin ce babu kowa?"

"Shekara nawa ina faɗin haka? Kai ma ai guduwa ka yi."

"Ina ta bi?"

"Farar mota mai tambari a ƙofa. Yanzu ta sha kwana."

Abin da mutanen titin suka gani ranar, har yau ana ba da labarinsa a shagon aski. Wani dattijo mai furfura, da tsumma a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, yana bin motar shige da fice da gudu yana ɗaga hannu yana kiran a tsaya. Masu shaguna suka fito ƙofa. Waɗanda suka san halin da yake ciki suka ce shi ke nan, tsoro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya ratsa titi ba tare da ya dubi fitila ba, direban bas ya danna masa oda ya zage shi, ko waiwaye bai yi ba. Ƙirjinsa kamar zai fashe, amma abin da yake ji a kunnensa kawai shi ne muryarsa da ta ce wa tsohuwa bana.

Allah ya taimake shi cunkoso ya riƙe motar a mahaɗa. Ya iso ya dafa gilashi da tafin hannu, yana haki. Jami'ar ta sauke gilashin kaɗan. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau, da fuskar wadda ta gaji tun safe.

"Lafiya, Baba?"

"Ranki ya daɗe, ni ne. Shagon wanki. Ni kika zo gani."

"An ce mini babu mai aiki a can."

"Akwai. Ni ne nake baya. Tun ina da baƙin gashi nake wurin."

Ta dube shi daga gemu har ƙafar da ba takalmi. "To, da na zo ina kake?"

Ya so ya ce an aike shi. Ƙaryar tana nan a shirye a bakinsa, irin wadda ya rayu da ita. Amma ya gaji, kuma numfashin da ya rage masa bai isa ƙarya ba.

"Na gudu, ranki ya daɗe. Na san zuwanki alheri ne, na yi ta jiran ki, har riga na sa. Kaina ya ji an yi doka, ƙafafun ne ba a sanar da su ba."

Direbanta ya kifa kai a sitiyari yana dariya. Ita ta yi ƙoƙarin riƙe tata, ta cire tabarau ta murza ido.

"Ba kai ne na farko da ya gudu ba a makon nan," in ji ta. "Amma kai ne na farko da ya biyo ni. Shiga mu koma."

Ta miƙa hannu ta buɗe ƙofar baya. Na-Baya ya tsaya yana kallon kujerar. Wannan mota ya yi rabin rayuwarsa yana mafarkin an tura shi cikinta. Motocin da ke bayansu suna ta oda. Ya yi bismillah ya shiga, ya zauna a bakin kujera, ya ɗora tsumman a cinya. Da suka wuce ta gaban shagon aski ya ga mutane sun yi cirko-cirko, sai ya ji wani daɗi ya taso masa, ya ɗaga musu hannu.

A shago Uwar ɗaki ta yi ta rantsuwa tana ba da haƙuri, har jami'ar ta ce ya isa. Ta shiga bayan labule, ta tambaye shi abin da za ta tambaya, ta ce ya nuna mata aikinsa. Ya ɗauki rigar nan mai taurin kwala, ya ɗora mata dutse har kwalar ta tsaya. Tana kallo tana rubutu. Idonta ya kai kan injinan da ke ta juyawa, da wata doguwar rigar aiki a jikin ƙusa wadda kowa ya san ba ta Na-Baya ba ce. Ta Dogo ce. Ta ɗan daɗe tana kallon rigar, sannan ta rufe biro.

"Yau kai aka aiko ni in gani, na kuma gan ka," in ji ta. "Za a kira ku kai da maiɗakinka ku zo a ɗauki hoto. In an kira, don Allah ka shigo, kada ka gudu."

Da ta tafi, Uwar ɗaki ta zube a kujera tana fifita da ɗankwali. Na-Baya bai koma bayan labule ba. Ya fita ƙofar gaba ya tsaya a fili, cikin rana, inda kowa ke ganinsa, ya kira gida. Ya ba Inna labarin tun daga farko, yana yi yana dariya, har da takalmin da bai san inda ya yar ba. Ya ji tana dariya ita ma, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Amma fa ki shirya, Inna," in ji shi. "Yaron da kika raka tasha ba shi zai dawo ba. Na yi furfura, na yi tumbi. In kin gan ni ba lalle ki gane ni ba."



"Ɗan nan," in ji ta, "idon ai ya daɗe da tafiya. Na hana a gaya maka, don babu abin da za ka iya sai damuwa. Amma hannuna lafiyarsa ƙalau. Kai dai ka kawo fuskar, zan shafa in gane abina."

Na-Baya ya jingina da gilashin shagon. Mutane suna wucewa suna kallon dattijo yana kuka a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, bai kuma juya musu baya ba.

"Ina nan tafe, Inna," in ji shi.